Kafaɗa Ke Jan Guga

Wata uku muna ture bencina a aji biyar,
bayan an tashi, kafin mai gadi ya kaɗa makullansa.
'Yan mata tara, da ni, da wata tsohuwar sifika
wadda sai an mare ta take magana.

Na ce musu, ba rawar biki za mu yi ba,
ba kuma ta cikin waya da kuke kwaikwayo a ɓoye ba.
Ku je gida ku sa ido.
Ku kawo mini yadda jiki ke yi
in yana aiki, bai san ana kallonsa ba.

Marwanatu ta kawo shiƙa,
hannu sama, fuska a kauce wa ƙaiƙayi.
Tasalla ta kawo wanta yana tayar da janareta:
ja, tsaki, ja, addu'a.
Hajjo, wadda ba a jin muryarta a aji,
ta kawo kakarta tana tashi daga tabarma:
gwiwa ɗaya, dafa ƙasa, numfashi, gwiwa ta biyu.
Muka yi dariya. Sai kuma muka daina.

Na harhaɗa su kamar mai ɗinkin tsumma,
na ƙirga takwas-takwas har muryata ta dushe.
Jan guga kuwa ni na saka da kaina,
ni da na tashi a gidan famfo a cikin Daura.

Shugaban makaranta ya leƙo sau ɗaya.
Malama Zinatu, wannan motsa jiki ne ko mene ne?
Na ce motsa jiki ne.
Ya sa hannu a takardar mota.

Asabar, bayan la'asar, wani ƙauye a hanyar Sandamu.
Filin firamare, gindin gawo.
Mata da kujerunsu na tsugunno, yara a gaba,
maza can jikin katanga
suna yi kamar hirarsu ce ta kawo su.

Minti huɗu, sifika ta mutu.
Na mare ta. Ta ƙi.
Takwas suka dube ni, ƙafa ɗaya a sama.
Hajjo ba ta duba ba, ta ci gaba,
babu kiɗa sai tafin ƙafa a kan rairayi,
sauran suka bi ta.

Da aka zo shiƙa wata ta ce, ai ni ce wannan!
Aka fashe.
Da aka zo janareta maza suka baro katanga.

Da aka zo jan guga sai wuri ya yi tsit.

Wata tsohuwa ta yunƙura,
gwiwa ɗaya, dafa ƙasa, numfashi.
Wa ya koya muku wanga?
Gugan nan naku babu ruwa ciki.
Hannu riƙo ne nashi, ɗiyata,
kafaɗa ke ja, baya ya karɓa.
Rijiyarmu gaba ashirin ce.

Ta ɗaure gyale a ƙugu, ta ware ƙafa,
ta miƙa hannu cikin iska,
sai iskar ta yi nauyi.
Wallahi na ga igiya.
Na ga inda ta ci bakin itace shekara da shekaru,
na ji ruwa na ɗiga yana komawa ƙasa.
'Yan matana tara a bayanta suna ja,
ba wanda ya ƙirga musu takwas.

Na tambayi sunanta. Ta ce Yalwa.
Ku dawo bayan kaka, in gani ko kun iya.

A mota duk sun yi barci
ban da kafaɗar Tasalla, da ke ta ɗan motsi.
Na buɗe littafina a hasken waya,
na soke shafi guda na aikin wata uku.
Biro na rawa saboda ramukan hanya,
haka na rubuta sunan a karkace.